Gobarar Filin Matan Dubeli

Ina tsaye a layin tantance 'yan fansho a Yola, ranar wata Alhamis cikin bazara, Kellumi ta kira ni a waya ta ce filinmu ya kama wuta. Ban tsaya neman mai riƙe mini layi ba, na tari keke. Tun kafin mu shiga Jimeta na hango baƙin hayaƙi ya miƙe sama, na kuma san ba na itace ba ne, don na san warin roba ko a mafarki.

Sunana Keturah. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, shi ya sa har yau bakina ba ya iya ganin kuskure ya wuce shi. Da na ajiye alli, sai na tara mata goma sha tara a unguwarmu ta Dubeli, Kellumi ce mataimakiyata, muka roƙi mai unguwa, Jauro Bobboyi, ya ara mana wani tsohon juji. Nan muke tsince shara: gorunan roba gefe guda, ledar fiya-wata gefe guda, gwangwani da kwali kowa da wurinsa. Ruɓaɓɓun kayan miya na kasuwa kuma mu zuba su a rami su zama taki, manoman Vinikilang su zo su kwasa. Kafin mu fara, duk damina sai kwalbatin unguwa ya toshe ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Da muka yi shekara biyu, ruwan ya koma bin hanyarsa.

Da na iso, an riga an kashe wutar da bokitai. Buhunan robar da muka yi wata uku muna tarawa duk sun narke sun zama baƙin dutse a gindin katanga, rumfar kwanonmu ta faɗi a kansu. Matanmu na tsaye suna kuka, jama'a kuma kowa na tambayar wa ya yi wannan aiki.

Ni na ba su amsa. A gaban kowa na ce, "Ku nemo mini Manasseh."

Manasseh baban bola ne, mai tura kura yana bin gidaje yana karɓar tsofaffin ƙarafa. Gorunan da ya samu mu yake kawo wa. Sai dai yana da ɗabi'ar ƙona tsofaffin wayoyin lantarki a bayan katangarmu don ya ciro jar wayar da ke ciki, sau uku kuma ina yi masa kashedi. To, da biri ya yi kama da mutum, ban tsaya wani dogon tunani ba. Samarin unguwa ma ba su tsaya ba. Suka same shi a hanya, suka farfasa masa kura, suka fasa masa leɓe, da ƙyar Jauro ya ƙwace shi ya ajiye a zaurensa.

Jauro ya ce ba zai yanke hukunci da zafin rai ba. Za a zauna ranar Asabar bayan la'asar. In ta tabbata Manasseh ne, za a miƙa shi ga 'yan sanda, matarsa da 'ya'yansa huɗu kuma su bar unguwar. Kafin nan zai aika a kira masa wani mai bin sawu daga unguwar Gwadabawa. Na ce a kira, ko ba komai a rufe bakin masu cewa na yi gaggawa.

* * *

Da safiyar Juma'a mai bin sawun ya zo. Hamajoɗa sunansa, wani dogon tsohon Bafulatani siriri, da rawani da malafa da sanda. An ce a ƙuruciyarsa yakan bi sawun shanun sata har bakin iyakar Kamaru ya dawo da su. Yanzu ƙafa ta gaji, yana zaune gidan ɗansa. Hausarsa irin ta tsofaffin Yola ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

Na tarye shi a bakin titi, na gaishe shi da Bappa kamar yadda ake kiransa. Ya ce, "Wuce gaba, Malama, ka nuna mini hanya."

Na wuce gaba ina zuba masa labarin Manasseh tun daga farko, shi kuma yana biye da ni, kansa a sunkuye. Da muka isa, ya leƙa cikin filin ya girgiza kai. Masu kashe wuta sun tattake ko'ina, ƙasar ta zama kamar wurin da aka yi dambe. Sai ya fita ya zaga bayan katanga.

Can kuwa ga sawun kurar Manasseh ɓaro-ɓaro, don tayarta ɗaya a karkace take, ko yaro zai gane. Ga kuma baƙin gurbin da yake ƙona waya. Na ce wa tsohon gani ya kori ji, aiki ya ƙare tun kafin a fara.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna mini da bakin sanda inda awaki suka taka sawun tayar suna komawa gida har sau biyu, da inda suka sake takawa suna fita, shi ma sau biyu. Ya ce awakin unguwa da yamma suke komawa, da sassafe su fita, saboda haka kurar ta wuce nan ne ranar Laraba kafin magariba, ba ranar gobara ba. A gurbin ƙona wayar kuma gizo-gizo ya yi saƙa har ƙura ta hau kanta, an yi kwanaki ba a hura wuta a wurin ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata an kawo mana makiyayi yana karanta mana sawun akuya.

* * *

Muka tafi zauren Jauro. Manasseh na zaune kan tabarma, leɓensa a kumbure. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya gaya wa Bappa cewa tun kashedina na uku ya bar ƙona waya a wurin, ranar Laraba goruna kawai ya kawo, ranar Alhamis kuma yana can wajen gada yana neman ƙarafa. Da aka tambaye shi wa ya gan shi, ya ce baban bola kowa na ganinsa amma ba mai tuna ya gan shi. Bappa ya duba tafin ƙafarsa da takalminsa na taya, ya yi masa sannu, muka fito.

A hanya wata dabara ta faɗo mini. In ba Manasseh ba ne, to Alhaji Sheriff ne, mutumin Borno mai shagon katifu da ke jingine da katangarmu. Tun ranar da muka haƙa ramin taki yake ƙorafin wari da ƙudaje, ana kuma raɗe-raɗin yana son filin ya ƙara shago. Har wata galan mai warin kananzir aka tsinta kusa da ƙofarsa.

Alhaji Sheriff ya karɓe mu da hannun dama a naɗe cikin bandeji. Ya saurari tambayoyin Bappa, ya dube ni, ya ce, "Malama, ni da nake kwana da tashi a kan soso, ni zan kunna wuta a jikin bangona? Wari na ce yana damuna, ban ce ina neman talauci ba."

Ashe shi ya fara ɗaukar bokiti, a nan ya ƙone hannu. Galan ɗin kuma Kellumi ta duba ta ce tamu ce, cikin kayan da aka tsinto makon jiya, masu kashe wuta ne suka yi jifa da ita waje.

Muka koma filin da rana tsaka. Bappa ya zauna kan wani bulo ya ce in lissafa masa duk wanda ya shiga wurin da safiyar Alhamis. Na lissafa masa Kellumi da ta buɗe ƙofa, da mata uku da suka kawo kayan kasuwa, da wani manomi da ya zo duba taki.

"Su ke nan?"

"Su ke nan, Bappa."

Ya tashi ya ce wuta ma tana da sawu, iska take bi. Ranar Alhamis iskar daga kogi ta taso, saboda haka ya bi ƙunar ta baya-baya har ya kai kusurwar da rumfar kwano ta faɗi. Ya sa aka ɗaga masa kwano ɗaya a hankali, ya hana kowa matsowa. Ya yi kusan rabin awa a tsugune a wurin, yana tona da sanda, yana murza toka a tafin hannu. Na ga ya ƙulle wani abu a bakin rawaninsa, amma bai nuna mini ba.

Da ya miƙe sai ya tambaye ni ko akwai mai bandar kifi a unguwar, wai jikokinsa na so. Na kai shi gidan maƙwabciyata Zipporah, wadda bandarta ta yi suna har Yola. Ya sayi karfasa biyu, ya tsaya yana yaba murhunta, ya tambaye ta da me take hura wuta. Ta ce da garin katako take rufe garwashin, shi ke ba kifi kala. Yana hira yana cusa sandarsa cikin tulin tokar da ke gefe, ya zaro, ya shafa bakinta da yatsa. Ni kuwa da na ƙarar da rayuwata ina ce wa yara su yi tunani, ina tsaye ina mitar an biya tsoho kuɗin mota ya zo cefane.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana. Na shimfiɗa masa tabarma gindin darbejiya, na kawo ruwa. Ya sha, ya ce in taimaka in ɗebo masa toka baho ɗaya daga gidan Zipporah. Na yi mamaki, amma na naɗa gammo na je na ɗauko a ka na sauke gabansa.

Ya ce in taɓa in ji ko da zafi. Na ɗora bayan hannuna a kai kamar yadda na saba, na ce ta huce sarai. Sai ya sa sanda ya buɗe tsakiyar bahon, ya sunkuya ya hura sau biyu. Jan garwashi ya buɗe ido a cikin tokar.

Ya ce, "Tokar itace yana mutuwa da wuri. Na garin katako kuwa sai ya kwana biyu yana barci da wuta a cikinsa."

Ya kwance bakin rawaninsa ya zube abin da ya ƙulle jiya: toka fara mai laushi, da ƙayar kifi, da guntun garin katako da bai gama ci ba. Ya ce a ƙarƙashin narkakkiyar robar ya same su, daidai inda wutar ta fara. Kwanon da ya faɗi kuma ya rufe wani ɗan zirin ƙasa a jikin katanga, masu bokiti ba su taka shi ba. A nan ya ga sawun mutum ɗaya. Ya shigo da kaya a ka, taku gajere, dunduniya na nitsewa. Ya tsaya bayan buhuna, ya juye, ya fita da sauri ba nauyi. Ƙafarsa ta hagu tana ɗan buɗewa waje.

Ban san lokacin da na ja ƙafata ta hagu na ɓoye cikin zane ba. Tun da na karye shekara goma da suka wuce haka take tafiya.

Nan komai ya dawo mini. Saboda ƙorafin Alhaji Sheriff, duk Alhamis nakan ɗebo tokar Zipporah in barbaɗa a ramin taki, tana kashe wari tana korar ƙudaje. Ranar nan na zo da sassafe ina saurin tafiya Yola, na tarar Kellumi ta rufe ramin da tsofaffin tabarmi don takin ya nuna. Sai na juye bahon a bayan buhunan roba, da niyyar in na dawo in kwashe. Abin ya zame mini jiki har ban lissafa shi cikin shiga fili ba, kamar yadda mutum ba ya lissafa shigarsa ɗakinsa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Manasseh.

Na ce, "Bappa, tun yaushe ka sani?"

"Tun da na ɗaga kwano. Sawunka ai na riga na haddace shi daga bakin titi, da na sa ka gaba."

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa jiya a gaban mutane. Ya kawar da kai ya ce a gidansu ba a koya masa tsiraita babba a bainar jama'a ba. Anjima zai faɗi abin da ƙasa ta nuna, zai ce ba Manasseh ba ne, amma suna ba zai fito daga bakinsa ba. Ya ƙara da cewa, "Sai dai ka sani, Malama, mutane in ba su ji mai shi ba, za su sake Manasseh da hannu, su riƙe shi a zuciya."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Na zauna gaban bahon nan har azahar, kuma ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Ina tsoron matan nan goma sha tara da suka yarda da ni, ina tsoron a ce Malama mai gyaran kowa ita ta ƙona gumin talakawa.

* * *

Bayan la'asar ƙofar gidan Jauro ta cika. Manasseh na zaune a ƙasa, matarsa na bayansa da goyo. Alhaji Sheriff na kan benci da bandejinsa, Zipporah da Kellumi da sauran matanmu na gefe, samarin da suka fasa kura kuma sun jeru a jikin bango suna jiran a ce sun yi daidai. Ni aka ba kujera kusa da Jauro a matsayin mai ƙara.

Bappa ya yi magana a tsaye, a hankali. Ya wanke Manasseh da sawun awaki da saƙar gizo. Ya wanke Alhaji Sheriff. Sannan ya zube tokar da ƙayar kifin a kan faifai, ya bayyana yadda wuta ke kwana cikin garin katako, ya kwatanta sawun mai kaya a ka. Ƙafar hagu kaɗai ya bari bai ambata ba. Da Jauro ya ce to wane ne, sai ya ce shi sawu yake bi, mai ƙafa shi ya san ƙafarsa. Ya koma ya zauna.

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce tokar kifi ai ta gidan Zipporah ce. Idanu suka koma kanta, ta dafe ƙirji tana rantsuwa. Wani saurayi daga jikin bango ya ce matar Manasseh ma ai a ka take ɗaukar kaya, wa ya sani ko aiken ta aka yi. Na ga matar ta ƙara ƙanƙame goyonta. Zipporah kuwa ta san wa ke ɗibar tokarta duk Alhamis. Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Na tashi daga kujerar, na tsaya a tsakiyar fili inda mai laifi ke tsayawa.

Na ce, "Jauro, sawun nan nawa ne. Ni na ɗauko tokar, ni na juye ta bayan buhuna, na tafi Yola. Ban yi da gangan ba, amma bakina da gangan ya kira sunan Manasseh. Duk abin da aka yi masa, a kaina yake."

Kellumi ce ta fara motsi. Ta taso ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce ita ta rufe ramin ba ta gaya wa kowa inda za a zuba toka ba. Alhaji Sheriff ya yi gyaran murya ya ce in za a bi salsala, ƙorafinsa ne ya jawo tokar. Jauro ya ɗaga hannu ya ce ya isa, kada a raba laifin har ya ɓace. Ya yanke cewa ni da samarin da suka yi duka mu haɗa wa Manasseh sabuwar kura, kuma kowannensu ya je har gida ya ba shi haƙuri a gaban iyalinsa. Daga yau kuma toka ba ta shiga filin sai an kwarara mata ruwa an juya ta har ƙasa.

Na juya wajen Manasseh na durƙusa, ni da na girme shi da shekara ashirin. Na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Wutar ba komai, Malama, tsautsayi ne. Sunana da kika kira ne zai ɗan daɗe. Ki ba ni lokaci."

Na ce na ba shi, kuma na gode da bai yi mini ƙaryar ya wuce ba.

Na raka Bappa har bakin titi. Na shiga yi masa godiya. Wannan tsoho ya hana ni korar marar laifi da 'ya'ya huɗu daga unguwa, ya kuma bar mini mutuncin in faɗi laifina da bakina. Har in mutu ina gode masa. Shi kuwa cewa ya yi in bar zancen, in dai tsayar masa da keken da ba ya gudu.

* * *

Ranar Litinin na je filin da tsintsiya, ina zaton ni kaɗai zan kasance. Na tarar da mata goma sha ɗaya suna kankare baƙin dutsen daga gindin katanga. Takwas ba su zo ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Wajen hantsi sai ga Manasseh a bakin ƙofa. Sabuwar kurar tana wurin mai walda, saboda haka a bayansa ya goyo wani ƙaton buhu, gumi ya jiƙa masa riga. Matan suka daina aiki. Ya shigo ya sauke buhun a gabana, gorunan roba suka gangaro kan ƙonanniyar ƙasar.

Bai gaishe ni ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya share goshi da hannun riga, ya duba filin daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ya ce, "Malama, yanzu ina ake zuba fararen goruna?"

Na nuna masa da hannu.